Shagon da nake sayen kayan aiki shekara 19 ya rufe, wai mu ne muka kashe shi?

Habu Kafinta: Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin hannu, barkanmu da warhaka. Yau raina ba daɗi shi ya sa na ce bari in kawo maganar gidan nan ko na samu sauƙi. Girandata ce ta fara tartsatsi tana ɗaukewa tun shekaranjiya, na kwance ta na ga burushin kabon ya cinye saura ɗan guntu kamar kan ashana, na zare na jefa a aljihu na nufi wajen dattijon da nake sayen kayan aiki a hannunsa yau shekara 19. Ina zuwa na tarar an fito da kantoci waje, an manna takarda a ƙofa wai a zo a kwashi kaya za a rufe ƙarshen wata. Wallahi sai da na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya ɓata hanya.

Wanda bai taɓa shiga irin shagon nan ba ba zai gane ba. Bangon bayan kanta gaba ɗaya ƙananan durowoyi ne sun fi ɗari biyu, kowace an ɗaure samfurin abin da ke cikinta a jikinta da 'yar waya, noti, washa, sifirin, boris, ƙusa iri-iri. Ka miƙa masa abu ya murza a tsakanin yatsu, ko awo ba ya yi, ya juya ya jawo durowa ɗaya kuma ita ce. Yau ma haka aka yi, bai da daidai nawa, sai ya ɗauko wanda ya ɗan fi shi kauri ya shimfiɗa sanfefa a kan kanta ya goga shi sau biyar shida, ya gwada, ya sake gogawa, ya ce je ka saka. Na ce Baba me ya yi zafi haka za ka rufe? Bai ɗago kai ba ya ce Habu, yaushe rabon da ka sayi inji a wajena? Na rasa bakin magana, don injuna uku na ƙarshe da na saya duk a intanet na yi odarsu, kuma biyu daga ciki sai da na zo wajensa na riƙe su a hannu na tambaye shi wanne ya fi, ya faɗa min tsakani da Allah, sannan na koma gida na danna waya. To ina tambaya, mu ne muka kashe irin shagunan nan ko zamani ne kawai?

Sadik Mai Famfo: Wa alaikumus salam. Oga Habu wannan tambayar ta dattijon ko ni da nake karantawa sai da ta soke ni, don ba kai kaɗai ba ne.

Injiniya Bashir: Malam Habu Allah ya ba da haƙuri, amma ni zan faɗi abin da ba za a so ba. Babu wanda ya kashe kowa. Kai kafinta ne ba gidan agaji ba, in inji ɗaya kamfani ɗaya garanti ɗaya yana da araha a wani wuri, ina laifinka? Kuma abin nan ba yau ya fara ba ba kuma intanet ta fara shi ba. Home Depot ta buɗe shagunanta na farko a Atlanta a 1979, B&Q ta fara a Ingila tun 1969, tun lokacin ƙananan masu kayan gini suke kuka da manyan runfunan nan masu filin ajiye mota, Amazon kuwa sai 1994 aka kafa ta kuma da littattafai ma ta fara. Wanda ke sarin abu dubu ɗari a lokaci guda dole kamfani ya yi masa farashin da mai sarin guda goma ba zai taɓa gani ba, lissafi ne ba mugunta ba. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Nura Lantarki: Injiniya ka zo da lissafinka hhh

Alhaji Sabo: Assalamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan, yarana ne ma suka sa ni a gidan, amma wannan ta taɓa ni domin na tsaya a bayan kanta shekara 26 kafin na rufe nawa. Bashir ɗana abin da ka faɗa gaskiya ne amma rabi ka faɗa. Bari in gaya muku yadda shagon kayan aiki yake rayuwa, don masu saye ba su sani ba.

Kaya iri biyu ne a ciki. Akwai manya, injin huda, giranda, injin walda, zarton lantarki, su ne suke biyan haya da albashin yaro. Sai ƙanana, su noti da sukuru da burushi da roba da bel, waɗannan su ne suke kawo mutane ƙofa amma ba su biyan komai. Mutum zai shigo da karyayyen noti ka ɓata minti ashirin kana nema masa, ka kwance durowa huɗu, ka koya masa yadda zai fitar da guntun da ya maƙale a ciki, ya biya kuɗin noti ɗaya ya tafi yana sa maka albarka. Da can ba ka damu ba, saboda ka san ranar da zai sayi inji wajenka zai zo, wato injin ne yake biyan kuɗin minti ashirin ɗin nan. To sai aka wayi gari injin ya koma intanet da manyan kantuna, notin aka bar mana. Ka ga an ɗauke saniyar an bar ka da igiya.

Kuma ƙananan nan jari suke dannewa. Don a ce kana da komai dole ka ajiye abin da sai shekara biyu uku kafin a tambaye shi sau ɗaya, kuɗinka na kwance a durowa yana tsatsa. Ranar da ka ce bari in rage kayan kwantai, ranar ka zama kamar kowa, babu sauran dalilin da zai sa a tsallake babban kanti a zo wajenka. Ka ajiye ka karye, ka ƙi ajiyewa ka karye.

Habu Kafinta: Alhaji Allah ya ƙara girma. Wallahi kamar kana wajen, kusan abin da ya faɗa min ke nan da muka zauna.

Alhaji Sabo: Akwai wanda ma ban faɗa ba. A shekarun ƙarshe na sha ganin inji a intanet ana sayar wa kowa da kowa ƙasa da yadda dila yake ba ni a sari. Ka gane? Ni da nake sari, farashina ya fi na mai sayen ɗaya tsada. Sai kwastoma ya nuna min waya ya ce Alhaji ka ji tsoron Allah. Ta ina zan fara yi masa bayani.

Injiniya Bashir: Baba Alhaji na karɓi gyara a kan maganar noti da inji, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma ka yarda da ni akwai masu shagon da su suka kori mutane da kansu. Ka shiga kana sabon shiga ba ka san sunan abu ba a dinga kallonka kamar ka zo bara, ba a rubuta farashi a jikin kaya sai an kalli takalminka tukuna, ka sayi abu ya ƙi aiki a ce an riga an fita da shi ba a dawowa. Ni an taɓa yi min haka da injin huda, kwana biyu ya ƙone, mai shagon ya ce ni na ba shi wuta. A intanet kuwa ka mayar a dawo maka da kuɗinka babu wanda zai harare ka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maman Ilham: Salamu alaikum, ku ba mata wuri mu ma mu ce wani abu. Injiniya a nan kam ina bayanka, mace ta shiga shagon kayan aiki a ce mata je ki turo maigidan, alhali ni ce zan yi aikin. Amma duk da haka ni ma ina kukan abin da Malam Habu yake kuka. Ni tela ce, kuma mai sayar da kayan keken ɗinki da nake zuwa wajensa ya rufe bara. Shi ne mutumin da zan kai masa ƙyalle da ɗinkin da ya yi tsalle-tsalle, ya duba bayan ɗinkin kawai ya ce ba keken ba ne, allurarki ce ba ta dace da yadin ba, koma lamba 14 ki bar 18, ko ya ce kwankwason zarenki ne ya saki ƙara masa rabin juyi. Sau nawa ya hana ni kashe kuɗi alhali da ya yi shiru da ya ci riba. Yanzu na yi odar ƙafar keke sau biyu a wani shafi, a hoto iri ɗaya da tawa, ta zo ba ta hau ba.

Kuma ba ƙanana kaɗai ba, Joann ta Amurka mai sayar da yadi da kayan ɗinki, shago kusan 800 gare ta, a 2025 ta rufe su kaf. To in mai 800 ta faɗi ina ga mai ɗaya.

Nura Lantarki: Anti kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A ɓangarenmu na masu gyaran lantarki abin ya riga ya gama faruwa tuntuni, ku yanzu ya iso ku. RadioShack tun 1921 take, a nan yaran Amurka suke sayen resista ɗaya kafasta ɗaya su koyi haɗa rediyo, ta karye a 2015 ta sake karyewa a 2017. Maplin ta Ingila mai shago sama da 200 ta tafi a 2018. Fry's ta Amurka ta rufe dare ɗaya a Fabrairun 2021. Kuma ni a ganina RadioShack tun kafin ta mutu ta mutu, ranar da ta tura durowoyin ƙananan kaya can lungu ta cika gaba da wayoyin salula, ta koma gasa da kowa a kan abin da kowa ke sayarwa, ainihin abin da Alhaji ya faɗa yanzu. Yau in ina neman kafasta ɗaya sai in yi odar fakiti mai hamsin in jira sati biyu uku, talabijin ɗin mutane na zaune a kan tebur mai ita na kira safe da yamma, saura arba'in da tara kuma in zuba a gwangwani. A ƙarshe ni da kaina na zama ƙaramin shago ban shirya ba hhh

Sadik Mai Famfo: Bari in ba ku nawa na kusa-kusa, don masu cewa ai komai na intanet. Zaren bututu iri biyu ne suka fi yawa a duniya, akwai BSP na Ingila akwai NPT na Amurka. A rabin inci dukansu zare 14 ne a kowane inci, don haka in ka ɗaura za su kama juna, juyi biyu uku lafiya lau, ka ɗauka ka dace. Amma kusurwar zaren ba ɗaya ba ce, ɗaya digiri 55 ɗaya 60, ka naɗa tef ka ɗaure iya ƙarfinka, ka saki ruwa ya fara ɗiga a hankali cikin bango. Ni ya faru da ni, na yi odar kan famfo shida a wani shafi, hoton bai ce komai ba, bayanin ma an rubuta rabin inci kawai, sai da na fasa tayil ɗin mutane bayan sati uku na biya daga aljihuna. Tsohon da nake saye a wajensa da, Allah ya jiƙansa, farce kawai yake sawa a zaren ya ce wannan ba namu ba ne. Wannan ilimin ba a rubuta shi a jikin kwali, kuma bai taɓa cajin mu ko sisi a kansa ba.

Injiniya Bashir: To ai ka ga matsalar Sadik, ka faɗe ta da bakinka. Bai taɓa caji ba. Abin da ya fi komai daraja a shagon shi ne ake bayarwa kyauta, abin da kowa ke da shi kuma shi ake son cin riba a kai. Wace sana'a ce za ta rayu a haka? Likita ba ya duba ka kyauta don yana fatan ka sayi magani a wajensa.

Alhaji Sabo: Ɗana gwada cewa mutum ya biya kuɗin tambaya ka ga ko zai sake taka ƙofarka.

Malam Ɗahiru: Ina bin muhawarar tun ɗazu daga makaranta, sai yanzu na samu sarari. Abin da nake so in ƙara shi ne kada mu ɗauka wannan abu kamar ruwan sama ne da babu hannun kowa a ciki. Dokoki suna da hannu. A Amurka tun 1936 akwai dokar Robinson-Patman da aka yi musamman don hana kamfani ya fifita babban mai saye a kan ƙarami a farashin kaya iri ɗaya, wato ainihin kukan da Alhaji ya yi, amma aka yi shekaru da dama gwamnati ba ta waiwaye ta ba. Sannan shekara da shekaru masu sayarwa ta intanet a can ba a tilasta musu karɓar harajin ciniki a jihar da ba su da shago ko sito, mai shago a kan titi kuwa dole ya karɓa, sai a 2018 Kotun Ƙoli ta sauya wannan a shari'ar Wayfair. Haka ƙananan fakitin da bai kai dala 800 ba yana shiga ƙasar babu kuɗin fito, abin da su Temu suka hau kai ke nan tun da ta fito a 2022, sai a 2025 aka toshe. Ka ga ana tsere ne an ɗaure wa ɗaya dutse a ƙafa, sannan a ce ai bai iya gudu ba.

Misalin da ya fi burge ni na littattafai ne, su ma ai shagunan ƙwararru ne. Faransa ta yi doka a 1981 cewa mawallafi ne ke yanka farashin sabon littafi, babu mai rage fiye da kashi 5 cikin ɗari, babba ne ko ƙarami. Ingila tana da irin wannan yarjejeniyar amma ta wargaje a 1995. Wanda ya san ƙasashen biyu ya san inda ƙananan shagunan littafi suka fi yawa yau.

Injiniya Bashir: Malam wannan dokar ta Faransa ma'anarta fa kowa ya sayi abu da tsada don a raya mai shago. A littafi ƙila a yarda, amma ka ce wa yaron da ya gama koyon walda yana haɗa kuɗin injinsa na farko wai an hana a yi masa ragi? Ni ban yarda ba. Arahar nan da muke zagi ita ta sa dubban yara suka mallaki kayan aikin da iyayensu sai dai haya ko aro.

Malam Ɗahiru: Ban ce a kwafo ta ba Injiniya, cewa na yi zaɓi ne mutane suka yi, ba ƙaddara ce kawai ba.

Nura Lantarki: Ni kuma a kan yaron da Injiniya ya kawo, eh ya samu inji da araha, amma wane iri? Wanda aka manne da gam ba sukuru, in amecha, wato naɗin wayar da ke juyawa a cikin injin, ta ƙone babu inda za ka samu wata, kuɗin gyara ya kusa kuɗin sabo sai a jefar. To shagon kayan gyara me zai sayar in ba a gyara? Ga kuma sababbin injuna marasa burushi, ba na zaginsu suna da ƙarfi suna daɗewa, amma abin da ya kai Oga Habu shago yau babu shi a cikinsu sam, in sun mutu allon lantarkin ciki ne ya mutu kuma an zuba masa roba an toshe.

Sai batun batir wanda shi ne babban tarko. Batirin Makita ba ya hawa DeWalt, na DeWalt ba ya hawa Milwaukee, in ka sayi batir biyu da caja na kamfani ɗaya shi ke nan an ɗaura maka aure da su. Ƙaramin shago ba shi da jarin da zai ajiye layin kamfani huɗu biyar kowanne da batirinsa, in ya zaɓi ɗaya ya kori sauran kwastomomi. Kuma sunayen da muke gani da yawa gidansu ɗaya ne, DeWalt da Stanley da Black & Decker da Irwin da Craftsman duk kamfani ɗaya ne, Milwaukee kuma tun 2005 tana hannun TTI ta Hong Kong wadda ita ke ƙera injunan Ryobi da ake sayarwa a Home Depot. Manya na ciniki da manya, wa zai tsaya sauraron mai odar kwali biyu.

Sadik Mai Famfo: Craftsman ba ta Sears ba ce?

Nura Lantarki: Da can. Sun sayar da sunan a 2017 kan kusan dala miliyan 900, shekara ɗaya bayan nan Sears ɗin kanta, babban kantin nan na Amurka, ta shiga kotun karayar arziki. Ita ce fa wadda ake kai mata karyayyar sifana ta canza maka sabuwa ba tambaya.

Maman Ilham: Ikon Allah. Wato kowa da wanda ya fi shi.

Injiniya Bashir: Shi ya sa nake cewa ba wai babba na cin ƙarami ba ne kawai. Wilko a Ingila da ƙaramin shagon kayan gini ta fara a Leicester a 1930, ta kai shago 400, ta rushe a 2023 da ma'aikata sama da dubu 12. Homebase kuwa, mai kayan gini ta Ingila, wani kamfanin Ostireliya ya saye ta fam miliyan 340 a 2016, bayan shekara biyu ya sayar da ita fam ɗaya, ɗaya tak. Su ma manyan wuta suke sha. Kuma akwai ƙananan da suka tsira, ku duba Ace Hardware ta Amurka, tun 1924 take, shaguna sama da dubu biyar amma akasarinsu kowanne da mai shi, haɗa kai suka yi suna sari tare kamar kamfani ɗaya don su samu farashin manya. Tsintsiya ke nan. Snap-on kuma ba ta jira a zo ba, mota take cikawa da kaya ta bi makanikai gareji-gareji duk sati tana ba su bashi suna biya a hankali, kayanta tsada kamar me amma ana saye. To me ya hana dattijon Malam Habu irin wannan?

Malam Ɗahiru: Haɗin kan ma ba laya ba ne, True Value irin wannan sarin take yi wa dubban ƙananan shaguna kuma ta karye a 2024 sai da Do it Best ta saye ta.

Alhaji Sabo: Bashir ka tambayi me ya hana shi. Shekaru suka hana shi, kuma babu magaji. Wannan ita ce maganar da ba a so a faɗa. Yawancinmu ba karyewa muka yi rana ɗaya ba, a'a, ciniki ne yake raguwa kaɗan-kaɗan kana ci gaba da buɗewa saboda sabo, har ranar da gwiwa ta ce ba ta iya hawa tsani ɗauko kaya. Ka juya ka ce wa ɗanka zo ka karɓa, shi kuma ya taso yana ganin kana fita da duhu kana dawowa da duhu, kuma kai da kanka ka biya masa makaranta don kada ya yi irin wahalarka, da wane baki za ka ce ya dawo bayan kanta? Nawa ukun babu wanda ya karɓa kuma ban ga laifinsu ba. Yaron shagon da ya yi shekara tara da ni, wanda ya san durowoyin nan kamar tafin hannunsa, shi ya so ya karɓa amma ba shi da kuɗin sayen kayan, mai ginin kuma ya samu wanda zai ba shi haya ninki biyu. Yanzu yaron yana tuƙa babur yana kai wa mutane kayan da suka yi oda. In na tuna wannan ya fi rufe shagon ci min rai.

Maman Ilham: Allah sarki Baba. Allah ya buɗa masa.

Sadik Mai Famfo: Amin. Baba Alhaji kayan da suka rage fa, ya ka yi da su?

Alhaji Sabo: Manyan an saye. Ƙananan a kilo mai gwangwan ya auna su. Noti na inci da na mili da na zaren hagu da na shekara 26 ina warewa, duk aka juye a buhu ɗaya.

Nura Lantarki: Kai. Wannan ta fi ƙarfina.

Injiniya Bashir: Baba ka yi haƙuri in maganata ta yi kaifi, ba raini ba ne. Har yanzu ina kan cewa ba za a iya tilasta wa mutum ya sayi abu da tsada don tausayi ba, amma na yarda abin da Malam Habu ya yi, ni ma na yi, ka je ka riƙe inji a hannu ka sha tambayoyi sannan ka saya a wani wuri, wannan kam ba ciniki ba ne, cin guminsa ne. In za ka saya a intanet ka yi bincikenka a intanet.

Malam Ɗahiru: Akwai masu ƙoƙarin cike gurbin ta wata hanya. A Berkeley ta Amurka tun 1979 ɗakin karatu na gari yake ba da aron kayan aiki kamar yadda ake aron littafi, a Amsterdam kuma aka fara Repair Café a 2009, mutane su kawo abin da ya lalace masu sani su taya su gyarawa kyauta, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Tarayyar Turai ma ta yi dokar haƙƙin gyara a 2024 da ta shafi irin su injin wanki da firji da waya.

Sadik Mai Famfo: Malam duk suna da kyau amma ni ƙarfe bakwai na safe ruwa na zuba a gidan mutane, ba zan jira taron gyara na ranar Asabar ba, soket ɗaya nake nema yanzu-yanzu.

Habu Kafinta: Na gode muku duka wallahi, ban zaci maganar za ta yi nisa haka ba. Na saka burushin girandar ta tashi lafiya. Bayan la'asar na koma wajensa, na ce Baba durowoyin nan kada ka ba mai gwangwan, ka yi min kuɗinsu da abin da ke ciki in dinga biya a hankali. Ya yi dariya ya ce Habu ina za ka kai su, na ce bangon wajen aikina akwai wuri. Ya ce to amma da sharaɗi, sai ya zo da kansa ya jera su, don in aka canza musu tsari ko shi ba zai ƙara gane komai ba. Mun yi da shi ranar Lahadi. Matsalar ita ce ni rabin abin da ke ciki ban san sunansa ba balle aikinsa.

Nura Lantarki: Oga ka ajiye waya tana ɗauka lokacin da yake jerawa, ka sa shi ya dinga faɗan sunan kowanne, kada ka dogara da kai.

Alhaji Sabo: Kuma ka sayi fenti ka sa wa kowace durowa lamba a gaba da kuma a ramin da take shiga kafin a cire ko ɗaya daga bango. Na inci daban na mili daban, kada ka yarda su haɗu, sifana mili 13 da ta rabin inci a ido ɗaya suke amma ta rabin incin mili 12.7 ce.

Sadik Mai Famfo: Oga Habu in kun zo kan durowar kayan famfo dan Allah ka duba min ko akwai soket na tagulla mai rabin inci zuwa uku bisa huɗu, BSP, ko guda huɗu ne ina so.

Habu Kafinta: Turo min hotonsa ta inbox in nuna masa, ni in ka ce BSP ba ganewa zan yi ba.